Taliyar da Sa'a ta Murza

Koki, cikin birnin Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Yayar Sa'a,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ko da yake na san lafiyarki ƙalau, tunda ɗazun nan kika wuce ta gabana da bokitin wanki kina kumbure-kumbure. Allah Ya tsare ki a gida da waje, Ya tsare miki addininki da mutuncinki, Ya haɗa ki da mutanen kirki duk inda kika sa ƙafa.

Na san za ki yi dariya, ga ɗakina ga naki amma sai da na rubuto wasiƙa. To ya zan yi? Ke ce 'yar fari. Ko sunanki ban taɓa kamawa ba tun ranar da aka raɗa miki shi, balle in zaunar da ke mu yi magana ido cikin ido. Haka na tarar ana yi a gidanmu na Zaitawa, haka ni ma na yi. Da kina ƙarama "ke" nake ce miki, da aka haifi Sa'adatu na samu sauƙi, kika koma Yayar Sa'a. Maganar da ke bakina yau ta fi ƙarfin "ke", shi ya sa na ari biron Babanku.

Jiya ya dawo daga kasuwa, ko hula bai cire ba ya ce min, "Kin ji abin da 'yarki ta ce? Wai ta fasa zuwa Funtuwa." Na ce, "'Yarka dai, Malam, wannan taurin kan ba daga wajena ta gado shi ba." Ya ce wai aikin koyarwar da aka ba ki a makarantar yara masu lalurar ƙwaƙwalwa, abin da kika yi shekaru kina karantawa a kwaleji, za ki buga waya ki ce a ba wani. Dalilinki kuma wai Sa'a ba ta cin abinci sai daga hannunki, in kika tafi yunwa za ta kashe ta. Na riga na gaya miki tana ci in ba kya nan, kika ce, "Umma, lallashina kawai kike yi." To tunda ba ki yarda da bakina ba, ki zauna ki karanta wannan har ƙarshe, kuma kada ki tsallake, na san halinki.

Kina ajin farko a firamare aka haife ta. Kafin suna idanunta suka yi ɗorawa, tsofaffi suka ce shawara ce, a riƙa fito da ita hantsi za ta washe. Da muka kai ta asibiti mun makara, amma Allah Ya raya mana ita. Sa'anninta suka zauna ita ba ta zauna ba, suka yi rarrafe tana kwance tana kallon rufi tana murmushi. Likita ya zaunar da mu ya ce shawarar ta taɓa ƙwaƙwalwa, jikinta zai girma amma hankalinta zai tsaya kusa da na ƙaramin yaro, mu riƙa kawo ta gashin ƙashi, mu koya mata abu kaɗan-kaɗan. Ni kuwa ba wannan na je ji ba. Wanda zai ce min za ta warke nake nema, kuma masu faɗin haka ba sa wuyar samu a garin nan. Wannan ya ce musanya min ita aka yi, wancan ya ce 'yar ruwa ce. Na yi hayaƙi har labulen ɗakina ya sake kala. Wani ma cewa ya yi kada ta kuskura ta ci manja, na yi shekaru ina dafa mata nata daban, yarinyar da yanzu in ta hango galan ɗin manja har tafi take yi masa. Lokacin da na ɓatar a wannan yawon, da gashin na riƙe da ta yi tafiya da wuri.

Iyaye za su zo miki da irin idon da nake da shi a wancan lokacin, suna jira ki ce zai warke. Kada ki faɗa. Kada kuma ki yanke musu ƙauna, don wanda aka yanke wa ƙauna shi ne yake faɗawa hannun mai hayaƙi. Ki ce musu ku zo mu duba abin da zai iya, mu ɗora daga nan. Addu'a kuwa ki ƙarfafa musu gwiwa a kai. Babanku bai taɓa fita kasuwa bai yi mata tofi a ka ba, kuma duk cikin magungunan da muka yi shi kaɗai ne ba mu daina ba, ita ma da kanta take miƙo masa kan.

Sai kuma ɓoyo. Wannan ke ma kin tuna, don ke nake turawa ki ja labule. Baƙi na yin sallama zan ce Sa'a tana barci. Aka yi bikin ƙanwata a Zaitawa, dangi kaf suka hallara, na bar ta a gida na ce zazzaɓi take yi. Ina jin tsoron kallo, ina jin tsoron tambaya, ina jin tsoron miyau ya zubo mata a gaban mutane. Iya Falmata ce ta yi min maganin abin. Kin san ta, katanga ɗaya ta raba mu, kuma tun kakanninta suka zo daga Barno amma har yau ba ta iya zagaye-zagaye a magana ba. Ta shigo wata rana ta ce, "Maman Sa'a, wane irin barci ne wannan da ba ya ƙarewa? Fito min da kishiyata in gan ta." Kafin in buɗe baki ta ɗaga labule ta ɗauko ta, ta zaunar da ita a tsakar gida, ta shafa mata humra, ta ɗaura mata ɗankwali irin na 'yan gayu. Washegari ta aiko a kai mata ita ƙunshi. Daga nan Sa'a ta zama 'yar lungu. Yau mai kayan miya ya san ta, mai gyaran takalmi ya san ta, kuma ranar da wani baƙon yaro ya ce mata doluwa, ban ma kai zaure ba yaran lungun nan suka koya masa hankali.

Saboda haka ki riƙa fito da yaranki waje, ki kuma lallashi iyayensu su fito da su. Mutane kallon kwana biyu suke yi, daga nan sai su koma gaisuwa. Duk uwar da ta ce miki ɗanta yana barci, ki yi mata murmushi ki ce za ki jira ya tashi.

Da ta yi tafiya sai wani sabon zumuɗi ya kama ni, na ce ai sai Islamiyya. Na ɗinka mata hijabi, na sayi jaka, na rantse sai ta haddace Fatiha kamar 'yar kowa. In mun dawo gida in zaunar da ita in yi ta biya mata, tana kallon kaji. In ɗaga murya, ta toshe kunne. Abin ya kai ko hijabin ta gani a kan igiya sai ta fashe da kuka. Babanku, wanda bai cika shiga sha'anin cikin gida ba, ran nan ya ce min, "Wanda Ya halicce ta bai ɗora mata wannan ba, ke a wane dalili za ki ɗora mata?" Na yi fushi da shi har na ƙi sa masa yaji a miya, amma na ninke hijabin na ajiye.

Abin da ya biyo baya ke ce silarsa, ko da yake ina jin kin manta. Da hantsi ne, na kafa injin taliya a kan benci, na yi kwaɓin fulawa, masu saye sun yi oda ta biki ina sauri. Sa'a ta taso ta kama hannun injin. Na ɗalle mata hannu, ta sake kamawa. Na ɗaga murya zan yi faɗa, sai kika ajiye tsintsiya kika ce, "Umma, ki bar ta mana." Kika tsaya a bayanta, kika ɗora hannunki a kan nata, kuka juya tare. Da taliyar ta fara zubowa sili-sili ta ƙasa, yarinyar nan ta yi wata dariya da ban taɓa jin irinta ba, har Iya Falmata ta leƙo ta katanga tana tambayar me aka samu. Ranar odar biki ba ta fita a kan lokaci ba, na sha mita wurin uwar amarya, ban kuma damu ba.

Kin tuna yadda kika yi ta janye hannun? Daga kan yatsunta kika koma wuyan hannu, daga nan gwiwar hannu, daga baya sai dai ki taɓa mata kafaɗa. An ɗauki watanni, damina ta zo ta wuce. Sau nawa ta juya baya-baya kwaɓin ya cushe, sau nawa ta saki hannun ta bi kyanwa. Amma yau ita ce mai murji a gidan nan, ni sai dai in sa kwaɓi in tare in shanya a igiya. A bakin injin nan ta samu kalmar "ƙara". A nan kuma ta samu wadda ta fi. Kin san ba na fara murji ban yi bisimilla ba. Wata safiya na sha'afa, na sa kwaɓi na ce ta juya, ta ƙi. Ta kalle ni, ta ce, "Bimilla." Babanku yana alwala a bakin rariya, sai da ya sake wanke fuska. Abin da na yi ta ihu a kai ban samu ba, ga shi ta tsince shi da kanta a wurin sana'a.

Kowane yaro a cikinsu yana da injinsa. Wani ruwa ne, wani murfin kwalba, wani kiɗan bokiti. Kada ki fara da abin da kike so ya iya, ki zura ido ki ga inda hannunsa yake zuwa, sannan ki rataya karatun a nan. In ya yi abu daidai ki yi murna a gabansa ba tare da jin kunya ba, ki yi tafi, ki yi rawa in ta kama, shugabar makaranta ba za ta kore ki don wannan ba. Ƙananan abubuwa kuma, tunda na tuna: kada ki sa ɗankunne mai lilo a aji, dubi kunnena na hagu ki ga aikin ƙanwarki. In yaro ya cije ki, kafin ki yi fushi ki duba ko wani wuri ne yake masa ciwo bai iya faɗa ba. In za ki sauya wa yarinya kaya ki rufe ƙofa ki suturta ta, ko da kina ganin ba ta san bambanci ba, kuma ki san wanda yake zuwa ɗaukar ta in an tashi.

Yanzu maganar abinci, wadda ita ce ta sa na ari biro. Ni na jawo wannan, ba ke ba. Tana ƙarama tana yawan ƙwarewa, ba ta abinci sai an yi zaman haƙuri, ni kuma ga kwaɓi yana bushewa ga yara a zaure suna jiran taliya. Sai in miƙa miki kwano in ce, "Ke, ba ta." Ki dawo daga makaranta ko yunifom ba ki cire ba ki zauna da cokali. Kin iya, tana karɓa, ni na huta, shi ke nan na bar shi a haka. Ban farga ba sai da ta kai ko ni na miƙa mata loma sai ta kau da kai. Kin ƙi kwana gidan biki saboda ita, kin ƙi makarantar kwana saboda ita. Na ɗora miki kayan da ba naki ba, kika ɗauka ba ki taɓa cewa uffan ba. Allah Ya yi miki albarka, kuma ki yafe min.

To ga abin da ya faru ranar da kika tafi Funtuwa intabiyu kika kwana wurin Gwaggonku. Da safe na dama koko, ta juya fuska bango ta datse baki. Babanku ya fasa fita da wuri, ya zo da waƙe-waƙensa na lallashi, ta ture shi. Da kika bugo waya na ce muna lafiya, kuma ba ƙarya na yi ba, lafiyar ce dai babu ci. Rana ta take, hankalina ya tashi, har na fara tunanin in ce ki hau mota ki dawo. Iya Falmata ta shigo ta same ni ina bin yarinya da cokali daga ɗaki zuwa ɗaki. Ta ce, "Ajiye cokalin nan. Ko ni aka bi haka ba zan ci ba. Kafa mata injinta."

Na kafa. Ta yi bisimillarta ta murza, don fushinta bai shafi inji ba. Iya Falmata ta ce kada a shanya, a zuba a tukunya yanzu tana gani. Muka shimfiɗa mata tabarma nesa da wuta, tana kallo na zuba, tana kallo na tsame, na sa manja da ɗan yaji, na ajiye farantin a gabanta. Na kai hannu zan kama nata irin yadda kika yi mata a inji, ta fizge. Iya Falmata ta ce, "Maman Sa'a, zauna a kan hannuwanki." Na ɗauka wasa take yi, ashe da gaske ne, sai da ta ga na tura su ƙarƙashin cinya. Muka juya mata baya muna hirar tsadar fulawa, muna satar kallonta ta wutsiyar ido. Ta daɗe tana kallon farantin. Can ta sa yatsa ta jawo sili ɗaya, ta ɗaga shi sama yana lilo kamar yadda yake fitowa daga inji, ta gane shi, ta yi dariyar nan tata. Sai ta sa a baki. Ta jawo wani. Rabi a baki rabi a zani, manja har kunne, amma farantin ya tashi. Ta tura min shi da ƙafa ta ce, "Ƙara."

Ni da ban yi guɗa a bikin ƙanwata ba, ranar na yi. Iya Falmata ta ce in rufa mata asiri kada mutane su ɗauka haihuwa aka yi.

Tun daga ranar, duk sanda kika fita ita take ci da kanta. Mun wuce taliya, mun shiga shinkafa da wake, tuwo ma in na gutsuttsura mata. Amma da ta ji sallamarki a zaure sai ta goge hannu a zani, ta naɗe su a ƙirji, ta buɗe baki tana jira. Yarinyar da aka ce hankalinta ba zai wuce na ƙaramin yaro ba, ita ce ta yi wa mai takardar kwaleji wayo, ni da Babanku muna ɗaki muna danne dariya. Ban ga laifinta ba, loma daga hannun Yaya ta fi daɗi. Amma ki sani ba yunwa ce take sa ta buɗe miki baki ba, so ne, kuma son ba zai ƙare don kin hau motar Funtuwa ba.

Ke kika koya min cewa ana ɗora hannu ne don a janye shi, har kika ce haka malamanku suke faɗa. Kin yi a kan inji, kin yi wa yaran da kika koyar lokacin gwaji, a wurin cin abincin Sa'a ne kawai zuciyarki ta ƙi. Ba zan ɓoye miki ba, za ta yi kuka. Za ta tsaya a bakin zaure tana leƙen lungu tana kiran "Yaya", ni ma kuma ba na ce ba zan taya ta ba. Za mu riƙa kiran ki ta bidiyo bayan la'asar ta gan ki, ki bar mata tsohon mayafinki mai ruwan toka da take son shinshinawa. Amma ni da Babanku ba za mu dawwama ba, ke ma wata rana gidan wani za ki. Gatan da za mu yi mata shi ne ta saba da hannuwa da yawa, nata kuma ya zama na farko. Can kuma akwai yaran da har yanzu ana cewa suna barci, suna jiran wadda za ta tsaya a bayansu ta kama musu hannu.

Ban ce ki yarda da takarda ba. Gobe da rana ki sa mayafi ki ce kin tafi kitso, ki yi sallama da ƙarfi yadda za ta ji fitarki. Ki zagaya gidan Iya Falmata, ta riga ta kifa miki turmi a gindin katanga. Ki hau ki leƙo. Kada ki yi tari, kada ki yi dariya, in kuka ya zo miki ki sauka ki yi shi a ɗakin Iya. In kin gama gani da idonki, sai ki zo ki ci gaba da haɗa kaya, don Babanku ya riga ya yi magana da direban da zai ɗauke ki a Kabuga, kuma Gwaggonku ta share miki ɗaki.

A ƙasan akwatinki, ƙarƙashin atamfofi, na sa miki leda ɗaya ta taliya. Wani silin ya yi kauri, wani ya tsinke, don ban sa mata hannu ba ko sau ɗaya, daga bisimilla har ƙarshe ita ta murza. Ranar da kika sauka ki dafa, ki sa manja sosai, ki ba Gwaggonku ta ɗanɗana, ki gaya mata wadda ta yi.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare hanya gaba da baya, Ya ba ki haƙuri da yaran mutane, Ya sa su zama sanadin shigarki Aljanna kamar yadda nake fatan Sa'a ta zama namu. Ki riƙe sallah a kan lokaci, ki ji maganar Gwaggonku, ki riƙa cin abinci, don kin saba ba wa wata kina mantawa da kanki.

Ki tafi, Ruƙayya. Na yarda, na sa albarka. Ga shi na rubuta sunan kuma hannuna bai karye ba, amma in kin fito tsakar gida kada ki kalle ni, ki wuce kawai ki ɗauki bokitinki.

Wassalamu alaikum.

Ni ce,
Ummanku.